Babu da Ba Shi

Ni 'yar Aboabo ce, a nan aka yanke mini cibiya. Amma da za ka tambayi mahaifina a wancan zamani, sai ya ce maka mu baƙi ne a Tamale, alhali kakansa ne ya zo fataucin goro bai koma ba. Abin da ya rage mana na asalin nan harshe ne kawai, tsohon kuwa ya tsare shi kamar rijiya da rani. A waje kowa na yin Hausarsa yadda ta zo masa: mace ya zo, saniya ya haihu, kasuwa ya ci. A gidanmu ka kuskura ka ce wa mace "shi", ranƙwashi zai sauka a kanka kafin ka rufe baki. "Mace 'ita' ake ce mata," in ji shi, "ko uwarki namiji ce?" Haka na tashi ina taƙama da abin da ban sha wahalar samu ba. Na yi wa manya dariya a kan Hausarsu, ina ganin gwaninta ce.

Wanda ya ga shekarar yunwa, lokacin da gobara ta cinye gonaki kuma aka koro 'yan'uwanmu daga Najeriya da ƙullin kaya a ka, ba sai na gaya masa darajar aiki ba. Shekara uku bayan wannan na samu aikin buga tafireta a wani ofishin binciken dabbobi da ke gefen gari. Albashin abin dariya ne, amma Turawan da ke tallafa wa aikin suna ba ma'aikata buhun masara da galan ɗin mai duk wata. Gidanmu cike yake da baki, masu kawo abinci kuwa ba su da yawa. Ranar da aka fara sauke buhun nan a ƙofarmu, mahaifiyata sai da ta yi kuka.

Ban daɗe ba aka kawo kwamfuta. Wani Bature ne ya zo da ita, ya yi mako biyu yana haɗa ta, ya koma ƙasarsu. Ɗaki guda aka ware mata, mai na'urar sanyi da janareta nata na kanta, a garin da asibiti ma ke neman wuta. Sai ka cire takalmi kafin ka shiga. Da an tashi aiki a lulluɓe ta da farin ƙyalle. Allonta baƙi ne, rubutun kore. Shugaban ofis, wanda kowa ke kira Dakta, ya ce tunda yatsuna sun saba da tafireta, ni zan riƙa zuba mata lambobi. Na koma gida ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Aikin shi ne a gano bijimin da ya fi kyawun iri a garkunan makiyayan da ke kewayen gari. Bijimi ba ya ba da nono, amma 'ya'yansa mata suna bayarwa. Saboda haka ake auna nonon kowace saniya duk mako, a rubuta, a zuba wa na'ura, ita kuma ta haɗa na 'ya'yan kowane bijimi ta jera su daga na gaba zuwa na baya. Waɗanda suka zo a ƙarshe a dandaƙe su, don kada su ƙara ɓata iri. Makiyayi kuma a ba shi allurar rigakafi da gishirin lasa.

Duk safiya in na sa faifai a bakin na'urar, manhajar takan yi tambayoyi biyar da Turanci, ɗaya bayan ɗaya, kowace da amsarta da Baturen ya riga ya ajiye a gefe. Ranar farko na tsaya ina karantawa. Dakta ya zo ta bayana ya ce, "Ba karatu aka ɗauke ki ba. Ga babban madanni nan, danna shi sau biyar ki wuce." Akwai littafin bayani mai kauri da ya zo tare da ita, amma yana cikin durowar Dakta a kulle, shi ma ban taɓa ganin ya buɗe shi ba. To ni wace ce? Na danna sau biyar na wuce. Har na iya yin haka ina hira, ba tare da na dubi allon ba.

Takardun awo kuwa wani dattijo ne ke kawo su, wanda muke kira Baba mai awo. Mutumin Dagomba ne daga Bulpiela, siriri, mai furfura a gemu, bokonsa bai yi nisa ba amma lambobinsa a tsaye suke kamar sojoji. Yana da keken ofis da gwangwanin awo mai zane-zane a jiki. Kafin rana ta fito yana ruga, domin da sassafe ake tatsa. Duk ranar Litinin zai tsaya a ƙofar ɗakin kwamfuta, don ba a yarda ya shiga ba, ya miƙo mini takardu da hannu biyu.

"Ɗana, ka kwana lafiya? Mamanka yana lafiya?"

"Baba, ni mace ce, uwata ma mace ce."

"To, to. Allah shi ba shi lafiya."

Sai in kwashe da dariya, shi ma ya taya ni, bai san da shi nake ba. Ko kuwa ya sani, ya bar ni da yarintata.

Ba don Baba ba, da aikin nan bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Makiyayi ba ya son a ƙirga masa shanu, balle a manna musu lamba a kunne, balle a kawo gwangwani a auna abin da Allah ya ba shi. Masu digiri sun je an sallame su da "sai mun yi shawara". Baba ne ya yi wata da watanni yana zuwa hannu rabbana, ya zauna a tabarmarsu, ya sha furarsu, ya raka matansu asibiti in yaro ba lafiya, don ya san wanda za a gani. Mafi taurin kai a cikinsu wani tsoho ne mai babban garke a bayan Vittin, wajen da a lokacin daji ne, yanzu kuwa gidajen bulo sun cinye shi. Shi ne ya sa Baba ya dafa ƙirji ya ce, "Awo ne kawai. In wani abu ya taɓa shanunka, ka kama ni." Da tsohon ya yarda, sauran suka bi. Baba ba shi da gona, keken ma ba nasa ba ne. Abin da ya mallaka a duniya maganarsa ce, ita ya ajiye jingina.

A takardunsa, inda ba lamba, Baba yakan rubuta kalma. Wani wuri ya sa "babu", wani wuri ya sa "ba shi". Na'ura kuwa ba ta karɓar kalma a gurbin nono. Na gwada buga "babu", ta yi mini ƙara ta ƙi. Na je wurin Dakta.

"Dakta, inda aka ce babu fa, me zan sa?"

Bai ɗago kai daga jaridarsa ba. "In babu, sifiri mana. Wannan ma sai an tambaya?"

Game da "ba shi" ko tambaya ban yi ba, don a ganina ba abin tambaya. Nono namiji ne a Hausa, saniya mace. In mutum ya ce ba shi, ai nono yake nufi: babu shi. Da saniya yake nufi da ya ce ba ta. Na ce a raina tsohon nan dai yana son ya nuna ya iya rubutu iri biyu ne. Na zuba wa duka sifiri. Shekara guda cur ina zuba shi, kuma da rani ya yi tsanani sifirin ya yi yawa a garken tsohon nan na bayan Vittin, layi bayan layi, duk a kan shanu iri ɗaya. Na lura da haka, amma abin da na ce kawai shi ne, kai, waɗannan shanu ba su da albarka.

Da damina ta faɗi aka ce na'ura ta fitar da sakamako. Firinta ta yi ta kururuwa, ma'aikata suka taru a taga suna leƙe. Dakta ya yage takardar ya ja jan layi a ƙarƙashin bijimai na ƙarshe. Na can ƙasa duka shi ne mai lamba goma sha bakwai, na garken tsohon nan na bayan Vittin. Da Baba ya ji lambar sai ya ce a sake faɗa masa. "Masa" yake kiran Dakta, wato maigida.

"Masa Dakta, wannan sa ɗin? A'a. Wannan shi ne uban garke. 'Ya'yan shi ne ke cika gwangwani, har ina zuba sau biyu, sau uku."

"Kai da na'ura wa ya fi sani?"

"Masa, ni ne na auna."

"Kai ka auna, ita ta lissafa. Kowa ya tsaya a aikinsa."

Ranar dandaƙa Dakta ya ce in bi su in riƙe takarda, ni zan riƙa kiran lambobi. Na ci ado kamar mai zuwa biki, Allah ya yafe mini. Muka isa rugar tsohon da hantsi, mu da ma'aikatan dabbobi shida da igiyoyinsu. Ciyawa ta fito, shanu sun yi kyau. Na kira lamba goma sha bakwai da muryata mai kyau, da Hausata mai kyau.

Ban taɓa ganin dabba irinsa ba. Fari ne sol, tozonsa ya kwanta gefe don nauyi, yana tsaye a tsakiyar garke bai damu da kowa ba. Mai shanun ya ɗauka kuskure ne, har ya yi murmushi. Da ya ga ana warware igiya sai ya kama hannun Dakta ya ja shi wurin wasu shanu farare, ya nuna masa hantsarsu a cike, nono na ɗiga da kansa.

"Duk 'ya'yansa ne. Dube su da idonka."

Dakta ya zare hannunsa. "Ido rana ɗaya yake gani. Na'ura ta ga shekara."

Tsohon ya ce a ɗauki wani bijimin, a ɗauki biyu ma. Ya ce a karɓe allurar da gishirin, ya yafe. Sai Dakta ya rage murya, ya tuna masa cewa ya dangwala yatsa a takardar gwamnati, kuma ƙasar da ya kafa ruga a kai ba ta ubansa ba ce, aro aka ba shi. Zamanin soja ne, ba mai son a kai sunansa ko'ina. Tsohon ya matsa gefe.

Sai da suka yi kusan awa guda kafin su kayar da bijimin. Ya ja mutum shida a ƙasa, ya tsinke igiya ɗaya. Da ya faɗi, ƙasa ta amsa har a tafin ƙafata. Abin da ake aikin da shi wani ƙarfe ne mai kama da babban awartaki, ba ya fitar da jini. Ƙararsa ma kaɗan ce, kamar an ɓare goro, sau biyu. Amma kukan da bijimin ya yi, shanun garken gaba ɗaya sai da suka amsa masa. Da aka kwance shi bai tashi da wuri ba. Ya daɗe a kwance, idonsa a buɗe, ƙuda na bin gefen bakinsa.

Mai shanun bai yi wa Dakta magana ba, bai dube ni ba. Wurin Baba ya je, ya tsaya dab da shi.

"Ka ce awo ne kawai."

Matar tsohon ta riga ta ajiye wa Baba ƙwaryar fura da nono a gindin bishiya, yadda ta saba duk zuwansa. Ta zo ta gabansa, ta ɗauki ƙwaryar, ta rufe, ta mayar ɗaki. A mota muna komawa Dakta yana ta raha da direba. Baba a kan kekensa ya biyo mu a baya, muka bar shi cikin taɓo.

Labari ya zaga rugage kafin mako ya zagayo. Wasu suka cire lambobin kunnen shanunsu, wasu suka ce wa Baba shanu sun riga sun fita, alhali yana jin kukansu a bayan bukka. Takardun da yake kawowa suka ragu. Wata Litinin, bayan ya miƙo mini su, bai tafi ba. Ya tsuguna a bakin ƙofa, wajen da sanyin ɗakin ke fitowa.

"Ɗana, ina so ka taimake ni. Wannan abu, yaya yake lissafi? Ni ban gane ba. Na duba littafina duka, ban ga inda na ɓata ba."

Na ji tausayinsa, amma bakina ya riga ya saba da tsiya. Na ɗauko tsohuwar takardar garken na nuna masa. "Baba, kai da kanka ka rubuta. Dubi nan: ba shi, ba shi, ba shi, wata huɗu. Shanun da ba su da nono wata huɗu, me kake so na'ura ta ce? Kuma don Allah ka zaɓi ɗaya, ko babu ko ba shi. Ai duk kanwar ja ce."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

"A'a, ɗana. Ba ɗaya ba ne. Babu, na tatsa, nono babu. Ba shi, saniya ne ba shi nan. Ya tafi."

"Ta tafi ina?"

"Bakin kogi. In rani ya yi zafi, mai shanu yana zaɓa masu kyau, masu ƙarfi, ya tura su can inda ciyawa yake. Tun shekarar yunwa haka yake yi, don kar ya rasa iri. 'Ya'yan farin sa ɗin duka suna tafi. Yaya zan auna saniya da ba shi nan?"

Saniya ne ba shi nan. Tun ina goye nake jin mutanen garin nan suna cewa saniya "shi", na yi musu dariya sau dubu a kan haka, amma da na gan shi a rubuce sai na karanta shi da Hausar ubana. Na ce wa Baba zan duba. Ya yi mini godiya, ya tafi.

Washegari na sa faifai, ban danna sau biyar ba. Na danna sau uku na tsaya, na karanta tambaya ta huɗu, wadda na yi shekara ina tsallakewa. Cewa take: wace lamba ce za ta tsaya a madadin abin da ba a auna ba? Amsar da ke gefe casa'in da tara ce. Ashe tun farko na'urar ta san akwai bambanci tsakanin saniyar da ba ta da nono da saniyar da ba ta nan. In ka sa mata casa'in da tara sai ta tsallake makon, ba ta lissafa shi. In ka sa sifiri sai ta ɗauka an tatsa ba a samu komai ba, ta ja darajar saniyar ƙasa, ta ja ta ubanta. Na'ura ta sani, Baba ya sani. Ni da Dakta masu takalmi da takardar makaranta ne ba mu sani ba.

Dakta ya yi tafiya a makon, saboda haka na samu sarari. Kwana uku na yi ina bin garken layi-layi, ina cire sifiri ina sa casa'in da tara duk inda Baba ya rubuta "ba shi". Da firinta ta gama kukanta ban nemi lambar a ƙasa ba. Tana can sama, ta farko, kuma tazarar da ke tsakaninta da ta biyu ba ƙarama ba ce. Na buga kofi biyu, na ninke ɗaya na sa a jakata.

Da Dakta ya dawo na kai masa. Ya karanta a tsaye, ya je ya rufe ƙofa, ya sake karantawa a zaune.

"Wa ya ga wannan?"

"Ba kowa, Dakta."

"Rahoto ya riga ya tafi ƙasar waje da sa hannuna. Bijimin kuma, kina da hanyar mayar masa da abin da aka cire?" Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya yi dogon Turanci, wanda taƙaicensa shi ne a bar kaza cikin gashinta, in kuma mayar da sifirin duk inda na cire shi. Har na kai ƙofa ya kira ni. "Mutum nawa ne ma ke cin masarar nan a gidanku?"

Na fita, na mayar da sifirin. Litinin ta zo, Baba ya tambaye ni ko na duba. Na ce ina kan dubawa. Litinin ta gaba na ce na'ura ta ɗan samu matsala. Daga nan in na hango shi sai in sa kaina a allo kamar aiki ya sha mini kai, ya ajiye takardu a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, sannu da aiki," ya wuce.

Ana wata ga wata. Bayan kaka Baturen ya dawo duba aiki. Ko minti goma bai yi a gaban allon ba ya juyo yana tambaya: shekara guda, garke bakwai, ba saniyar da ta taɓa ciwo, ba wadda ta taɓa tafiya? Ina casa'in da taran? Dakta ya nuna mamaki ƙwarai, ya ce zai bincika. Da la'asar aka tara ma'aikata duka a gindin bishiyar dogon yaro da ke tsakar ofis, har masu shara da direbobi.

Dakta ya ɗaga takardun Baba sama. Ya ce an gano inda ɓarnar take: mai awo ya bar lambobi ya riƙa rubutu da yaren kasuwa, kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya, yanzu kuma yana cewa ɗayar wani abu dabam take nufi. Ya karanta "ba shi, ba shi" yana kwaikwayon muryar Baba, mutane suka yi dariya, har waɗanda Hausarsu ba ta kai tasa ba. Sannan ya ce, don kada a ce an zalunci kowa, ga Bahaushiya ta asali a cikinmu. Ya kira ni gaba.

"Saniya a Hausa, mace ce ko namiji?"

"Mace ce."

"In saniya ba ta wurin, me za a rubuta?"

"Ba ta nan."

"Nono fa?"

"Namiji ne."

"To wanda ya rubuta 'ba shi' a gurbin nono, me ya ce?"

Na san abin da ya kamata in faɗa. Yana kan harshena. In ce a garin nan ba haka ake magana ba, kuma kowa a nan ya sani. In ce akwai tambaya ta huɗu, an ce in danna in wuce. In ce littafin bayani yana durowa a kulle. Na tuna buhun masara a ƙofar gidanmu.

"Ya ce babu nono."

Dakta ya fassara wa Baturen, Baturen ya gyaɗa kai ya rubuta a littafinsa. Baba yana tsaye da hularsa a hannu. Bai yi musu da Dakta ba. Ni ya duba.

"Ɗana, amma na faɗa maka."

Na dubi yatsun ƙafata. Abin da ya fi cina har yau shi ne, ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Duk amsar da na bayar daidai ce, ko gaban wane malami za a kai ta. Da wannan daidai ɗin na yanka mutumin da bai taɓa yi mini komai ba sai gaisuwa.

A ranar aka sallame shi. Aka ce ya ajiye keke da gwangwanin awo, kayan ofis ne. Ya wanke gwangwanin a famfo tukuna, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙa wa mai sito. Ya fita ta babbar ƙofa a ƙasa, daga nan zuwa Bulpiela kuwa tafiya ce. Ba wanda ya raka shi.

Ni kuwa aka yaba mini. Aka ce ni na taimaka aka gano matsala, aka ba ni littafin bayanin in karanta, aka sa ni in tsara sabuwar takardar awo mai akwatin da za a cike in saniya ba ta nan. Sai dai ba a samu wanda zai cike ta ba, domin makiyayan ba su ƙara buɗe wa kowa ƙofa ba. Tsohon bayan Vittin ya tashi da garkensa kafin rani, ba wanda ya san inda ya nufa. Da na ba mahaifina labari, bayan na yanke inda ya kamata in yanke, sai ya yi murmushi ya dubi ƙannena. "Kun gani? Da kuna cewa na matsa muku. Ga amfanin Hausa mai kyau." Ranar ma tuwon masarar nan na ci.

Takardar da na ɓoye ta yi wata bakwai a jakata, har ninkinta ya fara yagewa. Kullum ina cewa gobe. Ba aikinsa zan mayar masa ba, ba ni da wannan ikon, kuma gaskiya ba ni da wannan zuciyar. So nake kawai ya ga lamba goma sha bakwai a sama, ya san awonsa bai ɓata ba, ya san bai ci amanar kowa ba. In ya ga dama ya tofa mini yawu.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau mota zuwa Bulpiela. Na yi tambaya sau biyu aka nuna mini gidan, ɗakunan ƙasa zagaye da ɗan tsakar gida a share. Wata tsohuwa na zaune a tabarma tana tsince ƙwarar kaɗanya a tire, kanta a lulluɓe. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta. Na ce daga ofishin dabbobi nake.

Hannunta ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi.

"Kai ne yarinyan na'ura."

"Ni ce, Mma. Baba yana nan?"

Na riga na ciro takardar. Na ƙudura a raina in ta ce ba shi, zan zauna a tabarmar nan in jira, ko zai kai magariba.

"Babu," ta ce.

Na ji ta sarai. Amma na sake tambaya da Hausar da ubana zai ranƙwashe ni a kanta.

"Mma, ba shi nan ne? Ya fita?"

"An ce kai ne ka fi kowa Hausa," in ji ta. "Babu na ce."

Ta sunkuya ta ci gaba da tsintar kaɗanyarta. Na daɗe a durƙushe da takardar a hannuna, ba ta ce in zauna ba.